Duk Gabas Muka Nuna

A ɗakin jiran jirgin ruwan tsibirin Karkana, a birnin Safakis, tsoho Munji masunci ya ga matar da ke gefensa ta shimfiɗa taswirar teku a cinya. Bai san ta ba, taswirar kuma ba ta kwanta masa a rai ba.

"'Yata, ke ma cikin masu rabon tekun kike?"

"Ba rabo muke ba, Baba. Daga ofishin tsare-tsaren yanki nake, muna taya ƙananan hukumomi tsara gaɓar teku."

"Haka na bara suka ce. Wai kowa ya nuna inda ya kafa shingen kifinsa na ganyen dabino. Duk ƙauyenmu gabas muka nuna musu."

"Ba a gabas kuke ba?"

Munji ya yi dariya. "Wa zai nuna wa baƙo mai takarda ruwan da ya gada? Yau ya rubuta, gobe haraji, jibi otal."

Matar ta dubi taswirar.

"Gabas ɗin muka keɓe muku, Baba. Yamma da ba wanda ya ce tasa ce, ita za a ba kamfanin kiwon kifi."

Dariyar ta ɗauke. A yamma kakansa ya kafa shingen da yake ci da shi har yau.

"Majalisa ba ta sa hannu ba tukuna," ta ce, ta zaro biro. "Nuna min wurinku na gaskiya."

Munji ya dubi biron, ya dubi fuskarta. A hankali ya ɗora yatsa a kan arewa.