Ƙaurar Tela

Awa uku ina jiran mota ta cika a tasha, sai wani tela rungume da keken ɗinkinsa ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Garinku zan koma, Inna. Bara na wuce, ban ga shagon tela ko ɗaya ba."

"Ka sauka?"

"Ta taga na gani. Kowa riga a yage."

"Ɗan nan, masu dawowa daga gona ka gani. Teloli suna bayan kasuwa, layi biyu. Koma gida tun ba mu tashi ba."

"Ina! Da safen nan na amayar wa mai gidan hayata duk abin da na haɗiye shekara tara, a gaban matarsa."

"To, Allah ya sa ka iya noma."