Masu Toya Ƙasa

A layin karɓar magani, wata tela bakinta ya ƙi rufuwa. Likita ya ce dalmar da ke jinin autanta ta ragu tun da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar bayan gidansu. Sai idonta ya faɗa kan takalman aikin mutumin gabanta.

"Malam, ko kana cikin masu toya ƙasar nan?"

"Ni ke kula da murhun, Hajiya."

"Wutar tana cinye gubar?"

"Ina! Ƙarfe ba ya ƙonewa. Zaiba tana jin zafi take zama tururi, na'urar tace hayaƙi ta cafke ta. Dalma sai an ƙara wuta take tashi. Yuraniyom kuwa ko gezau, sai ƙasar ta narke ta daskare kamar gilashi, ta kulle shi ciki."

"Dangin mijina sak!"

Ya tuntsire da dariya. "Aikin da daɗi, ban da wata mata da ke tsine mana kullum safiya ta bayan katanga. Muryarta har ta danne ƙarar injin."

Tela ta gyara mayafinta. "Shayinka da madara kake sha?"

"Me ya faru?"

"Gobe ta ƙofar gaba matar nan za ta zo, da shayinka a hannunta."