Ƙwaron Kututturen Baba

Inna: Salamu alaikum. Halo? Wa ke magana?

Auta: Wa alaikumus salam. Inna, ni ce. Ina wuni?

Inna: Wace ce ni ce?

Auta: Autarki mana.

Inna: Au, Auta! Ai hotonki bai fito ba, shi ya sa. Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da wayar ofis na kira. Aiki da godiya. Ya ƙafar?

Inna: Da sauƙi. Gwiwar ce dai, in na miƙe sai ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya jami'ar taku? Ya ɗalibai?

Auta: Duk lafiya. Ya su Yaya? Ya matarsa da yara?

Inna: Suna nan kalau. Ƙaramin ya fara haƙori, ba wanda yake hutawa. Ke kina cin abinci kuwa? Muryarki ta rame.

Auta: Inna, murya tana ramewa ne?

Inna: Taki dai ta rame. Ya zafi?

Auta: Da sauƙi. Inna, wata magana ce ta sa na kira. Kin san kututturen nan na bayan shagon Baba?

Inna: Kunkuru? Yaushe babanku ya yi kiwon kunkuru? Shi da ya ƙare rayuwarsa yana kafinta.

Auta: Kututture! Wanda yake zama a kai in zai wasa zarto.

Inna: To, to, to. Me ya same shi?

Auta: Akwai wani ɗan ƙwaro da yake zaune a jikinsa, ko rabin ƙwayar shinkafa bai kai ba. Naman kaza yake ci.

Inna: Innalillahi! Ashe shi ya kashe min kaji biyu bara, ina ta zargin kyanwar mutane.

Auta: Ba kaza ba, Inna. Naman kaza, wannan mai tsirowa da damina.

Inna: To ki ce laimar kwaɗi mana.

Auta: Danginta ne, amma shi mai tauri ne, yana fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace kamar kunne. A cikinsa ƙwaron yake ci, a nan yake haihuwa. Shi ne aikin da nake yi shekara uku ke nan.

Inna: Shekara uku? Ni da nake gaya wa mutane 'yata tana binciken maganin ƙwari.

Auta: Ba magani ba. Gane su nake yi, wane ne wannan, ɗan wane dangi ne. Yanzu dai abin da ya tsayar da ni, namiji nake nema.

Inna: Me kika ce?

Auta: Na ce namiji nake ne...

Inna: Alhamdulillahi! Kai, Allah na gode maka! Ni dama ban taɓa matsa miki ba, na ce ranar da kika shirya za ki faɗa da bakinki. A wurin aikinku yake? Ɗan wane gida ne?

Auta: Inna, tsaya. Tsaya ki ji. Mai ƙaho biyu a goshi...

Inna: A'uzubillahi! Ƙaho?

Auta: Namijin ƙwaron! Guda goma sha ɗaya na ɗebo daga kututturen, duka mata suka fito. Namijin ne yake da ƙaho.

Inna: Ke Auta, kin sa na miƙe tsaye a banza, da gwiwar nan tawa.

Auta: Yi haƙuri.

Inna: To ƙwaro har wani namiji da mace ake duba masa? Ƙwaro ai ƙwaro ne.

Auta: Kin tuna yadda Baba yake shinshina katako ya gaya miki itacen da aka yanko shi, mu kuma duk katako ɗaya muke gani? To haka ne. Shi wannan yana da 'yan gashi biyu a ka da yake laluben hanya da su, kowanne gaɓa-gaɓa ne. Danginsa da aka sani, gaɓa goma gare su. Nawa tara.

Inna: Ke kika ƙirga?

Auta: A ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Na ƙirga ya fi sau ɗari.

Inna: Shi ya sa idonki ya lalace. To in tara ne sai me? Nakasasshe ne?

Auta: Sabon iri ne, wanda ba a taɓa rubutawa ba. Amma Farfesan da yake duba aikina bai yarda ba. Ya ce wataƙila ni na karya gaɓa ɗaya da allura.

Inna: Kin karya?

Auta: Inna, guda goma sha ɗaya zan karya, duka a wuri ɗaya?

Inna: Ai tun kina ƙarama hannunki ba ya riƙe kofi.

Auta: Ban karya ba! Ya ce matan dangin nan duk kama suke yi, ƙahon namiji ne yake raba gardama. Litinin ta sama kwamiti zai zauna. In ban kai namiji ba, za su jefa shi cikin tsohon iri, ni kuma in koma in faro wani aikin daga tushe. Abin da nake so kawai, kar kowa ya taɓa kututturen. Jibi ina hanya.

Inna: Uhm.

Auta: Kin ji?

Inna: Na ji. Ya zafi a wajenku?

Auta: Kin tambaye ni ɗazu. Inna, mene ne?

Inna: Ba komai. Kin san dai yayanki ya daɗe yana son ya ja ɗaki a bayan shagon, yara sun yi yawa.

Auta: Inna.

Inna: Shekaranjiya ya kawo mutum biyu da gatari.

Auta: Wayyo Allah! Sun fasa shi?

Inna: To mun san da baƙi a ciki ne? Wa kika gaya wa? Kullum in na tambaye ki aiki sai ki ce da godiya.

Auta: Ina itacen yake yanzu? An ƙona?

Inna: Akwai saura a jikin katanga. Bari in je. Ina takalmin nan... Kar ki kashe, sabis ɗin can bayan shagon sai a hankali.

Auta: Ki duba mai kunnen nan a jiki. Fari-fari ta ƙasa, samansa ruwan ƙasa.

Inna: ...wan ƙasa? In zuba masa ruwa?

Auta: A'a! Kar ki zuba komai! Halo? Inna?

Inna: ...nan... ji na... Kina ji na? Na hau kan bulo.

Auta: Sauko don Allah, kar ki faɗi.

Inna: In na sauko ba kya ji na. To ga su nan, faskare ne kamar guda bakwai. Wannan ba kunne. Wannan ma babu. Yauwa, ga wani da ɗan kunne ɗaya, ya bushe ƙayau.

Auta: Akwai 'yan huji a jikinsa, kamar an huda da allura?

Inna: Ban zo da tabarau ba.

Auta: Duba kanki.

Inna: Kaina? Au. Ga shi kuwa. E, akwai huji, da yawa ma. Na ɓalle shi. Wani gari yana zubowa a tafin hannuna.

Auta: A hankali! Kin ga wani abu yana motsi?

Inna: Tsaya. Ga wani baƙi-baƙi. Biyu ne. Yanzu saboda wannan abin kika ƙi zuwa gida wata takwas? Ai ƙuma ta fi shi cika ido.

Auta: Ki duba goshinsa, akwai ƙaho?

Inna: Ke, ni da zare ma sai matar yayanki ta zura min a allura? Ina na ga goshi, balle ƙaho? Garin ya rufe su ma. Bari in...

Auta: Kar ki hura!

Inna: Na riga na hura.

Auta: Inna!

Inna: To ai ba ki faɗa da wuri ba. Sun tafi. Ko suna tashi ne?

Auta: Suna tashi. Shi ke nan. Duba sauran faskaren.

Inna: Na juya su duka, babu. Kunnuwan ai a gindin suke, wannan ƙaton ɓangaren mai danshi. Sun fi ashirin, jere kamar kwanuka a kanta.

Auta: To ina gindin?

Inna: Shi ne na ba matar direba.

Auta: Wace matar direba?

Inna: Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ba ki san ta ba, bara suka tare. Gas ɗinsu ya ƙare, ta ce in taimaka mata da itace. Na ce ɗauki babban, in ya sha rana zai ci wuta. Jiya na ga ta shanya shi.

Auta: Inna, don Allah ki je ki karɓo.

Inna: In karɓo? Kyautar da na yi da hannuna? In ce mata me, 'yata tana da ƙwari a ciki? Ai sai unguwa ta ɗauka. Ki nemi wani itacen mana, duniya cike take da ruɓaɓɓen itace.

Auta: Na nema. Daji huɗu na shiga, na fasa kunnuwa sun fi ɗari biyu, duk masu gaɓa goma ne. A nan kaɗai na taɓa ganinsa.

Inna: Wai ma yaushe kika ɗebe su ban sani ba?

Auta: Lokacin rasuwar Baba. Gida ya cika da mutane, na kasa zama a ɗaki, na zagaya baya na zauna a kan kututturensa. Ina ta kallon ƙasa, sai na gan su suna fitowa. Na zuba su a kwalbar maganinsa da ta ƙare.

Inna: Ashe can kika ɓuya. Muna ta nemanki.

Auta: Kuma wanda ya gano sabon iri, shi yake raɗa masa suna. Na riga na rubuta a takarda. Sunan Baba na sa.

Inna: Sunan wa?

Auta: Na Baba.

Inna: Yayanki ya sa wa ɗansa sunan, yayarki ta sa wa nata, ke kuma da kika fi kowa karatu sai ki sa wa ƙwaro? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana faɗa da ƙwarin katako?

Auta: Wannan ba ya cin katako mai kyau, Inna, sai abin da ya tsiro a kan ruɓaɓɓe. Kuma girmamawa ce a wurinmu. In aka rubuta, an rubuta ke nan, ba mai gogewa. Duk ƙasar da aka ga ƙwaron nan, ko bayan shekara ɗari biyu, da sunan Baba za a kira shi.

Inna: Har waɗanda ba su san shi ba?

Auta: Har su. Kuma a ƙasan sunan za a rubuta inda aka samo shi. Na sa: a kututturen da ke bayan shagon kafinta.

Inna: Shi da ko allon shago bai taɓa yarda an rubuta masa ba. Wai masu nemansa sun san hanya.

Auta: Inna? Kina nan?

Inna: Ina nan. Garin nan ne ya shiga min ido. In ba a samu mai ƙahon ba fa?

Auta: Babu sunan.

Inna: Tsaya. Wannan hayaƙin daga ina... Ke! Daga gidan direba ne. Ta hura wuta.

Auta: Wayyo! Inna, ki ɗauki bokiti mai murfi, ki ɓalle kunnuwan kawai, kar ki sa a leda, zafi zai kashe su, kuma in kin...

Inna: Wane ɓalle kunnuwa? Gindin gaba ɗaya zan jawo, ko da igiya ne. Maman yara! Ke maman yara! Kar ki sa babban nan a wuta, na maigidana ne!

Auta: Inna, gwiwarki, ki sauka daga bulon a hankali, ki kira matar Yaya ta...

Inna: Ke ajiye wayar nan, kina ɓata min lokaci.

Auta: Mai murfi, Inna! Bokitin mai mur... Halo? Halo?