Kwano Ɗaya da Rifkatu

A tashar Bagwai, muna jiran mota ta cika, wata tsohuwa ta juya ga mutumin da ke kusa da ita.

"Ƙara zan kai wurin babban fasto, Malam. An cuce ni."

"Subhanallahi! Me aka yi miki, Inna?"

"Karatun sanin Yesu suka kawo ƙauyenmu, na mako goma. 'Yan Katolika, 'yan Baftis, har wanda bai taɓa shiga coci ba, duk tare. Kuma sai an ci tuwo ake farawa. Suka haɗa ni kwano ɗaya da ƙanwata Rifkatu. Shekara tara ko gaisuwa ba ma yi, tun da ta bar cocinmu."

"Kuka yi faɗa?"

"Ina! Mako na huɗu ta turo mini naman gabanta. Allah dai Ya saka musu."

"To ina cutar?"

"Jiya suka ce karatu ya ƙare!"

"Ai sai ki je gidanta."

"Ni ce babba fa, ni zan fara zuwa? Su dawo kawai. Zan ce masa ban gane komai ba, a sake daga farko."