Hoton Hancin Baba

A rumfar gyaran waya, wani dattijo ya dangwarar da wayarsa kan tebur.

"Malam, kyamarar nan ta ishe ni. Likitan da ke duba ni ta bidiyo yana zargin ƙullutu mai ruwa a kogon hancina. Sau uku ina ɗaukar hoton da asibiti suka yi min da ita ina tura masa, kullum sai ya ce dishi-dishi."

Mai gyara ya gwada ta. "Baba, lafiyarta ƙalau, hannunka ne ke rawa. Kawo hoton in ɗaukar maka."

"Gyara na kawo, ban ce ka taimake ni ba."

"Minti ɗaya ne fa."

"In ya gani tar ya ce sai an yi aiki, hancinka za a yanka ko nawa?"