Sabon Zubin Manhajar Ƙofa

"Malama, minti biyar gare ki, kuma don Allah kar ki taɓa bulon da ya tokare ƙofa," in ji mai gabatarwa, ya miƙo min makirufo.

Mai girma Darakta, shugaban kwamitin tantance manhaja da mataimakansa bakwai, iyayena da yayyena na wannan ma'aikata, da Baba mai gadi da ke tsaye tun safe yana gadin bulo, assalamu alaikum.

Na gode da wannan lambar yabo ta Gwarzuwar Sa Ido. An ce yaba kyauta tukuici. Nawa tukuicin gaskiya ce.

Baƙinmu, aikina shi ne kowace safiya in leƙa shafukan manhajojin kwamfuta ɗari biyu da sha ɗaya, irin waɗanda bayin Allah ke rubutawa su bar wa kowa, in ga ko masu su sun fitar da sabon zubi. In sun fitar, in cike fom kwafi uku. In ba su fitar ba, in cike fom kwafi uku.

Na farko, ƙofa. Manhajar da ke buɗe ƙofofinmu, ɗaya daga cikin waɗanda nake leƙawa, tana da lalura: in ƙofa ta rufe, ba ta buɗuwa daga ciki. Shi ya sa kowane ofis ke da bulonsa. Mai girma Darakta shaida ne, shi da ya yi rabin yini a banɗaki.

Na biyu, mai manhajar. Wani dattijo ne a wata ƙasa mai nisa. Na dame shi da wasiƙun neman gyara har ya amsa: "'Yata, ni yanzu kiwon zuma nake. Tunda kin damu, na bar miki, ta zama taki." Shekara uku ke nan.

Na uku, gyaran. Layi huɗu ne, kafin shayina ya huce na rubuta shi. Na kai wa shugaban kwamiti.

Ya ce, "Ƙanwata, doka ta ce ba a taɓa manhaja sai mai ita ya fitar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai ita."

"To, fitar mana!"

"Doka ta sha biyu ta hana ma'aikaci fitar da manhaja a waje."

"Ashe kin san doka. Ci gaba da sa ido."

Na ci gaba. Shekara uku ina leƙa shafina, in tarar ban fitar ba, in rubuta "har yanzu shiru." Shekara uku ina jiran kaina. Sau biyu aka umarce ni in aika wa kaina takardar tuni, ban amsa ba. Darakta ya rubuta a gefen rahoto: "Wannan mata ba ta san darajar mutane ba." Na sa hannu na amince.

Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma a nan sai ya bar ɗakin kafin a ba shi tsani. Takardar ajiye aikina tana ƙarƙashin lambar. Ranar Litinin sabon zubi zai fito. Wanda ya gaji kujerata zai gani, ya cike fom, kwamiti ya zauna bayan wata uku.

Allah ya ba ku haƙuri, ya ba kwamiti tsawon rai, ya buɗe muku ƙofofin alheri. Na gode.

Ana tafi na sauko. Na bar lambar a kan tebur, na ce, "Baba, fito ka sha iska." Da ya fito, na sunkuya na ɗauki bulon. Ƙofar ta biyo ni a hankali, ƙyas.