Leda a Cikin Kifin Teku

Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Rabi ce daga Ɗan Gulbi.

Ranar kasuwar Dakoro na sayo kifin ƙanƙara, irin na teku, don maigidana da ke jinya. Ina farke cikin kifin sai ga baƙar leda, irin wadda ta kashe mini akuya bara. Tir! Nan take na zubar da kifin.

Ƙanena, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce har ƙasan teku inda hasken rana ba ya kaiwa leda ta sauka, kuma can tsakiya ba mallakar kowace ƙasa ba ce.

Malam, ko rijiyar makiyaya tana da mai tsawatarwa. A ce ruwa mai wannan girma ba shi da mai gari? Ku ba ni shawara, wurin wa zan kai ƙara?